Damin Hotunan Shanun Fulatan

Akwai wani matashi a Rogo mai suna Bahauddeen. Gwanin kwamfuta ne, kuma ya san shi gwani ne, abin da ya fi gajiyar da mutane game da shi ke nan.

Wata damina ciwon huhu ya shiga garkunan ƙauyen Fulatan, shanu suna tari suna faɗuwa. Wata ƙungiyar kula da dabbobi ta ce za ta kawo allurar rigakafi, amma sai ga shanun da aka tura hotonsu da sunan mai su zuwa na'urarta ta intanet kafin ta rufe. Aka ɗora wa Bahauddeen aikin, shi da abokiyar aikinsa Zakiyya.

Tura su ɗaya bayan ɗaya ya yi masa ƙanƙanta. Sai ya rubuta wa kwamfutarsa ɗan umarni, ta ɗaure hotuna da sunaye dami guda ta aika. Zakiyya ta ce ya raba damin ƙanana, kuma ya buɗe amsar da za ta dawo, domin na'urar tana ba kowane hoto amsarsa daban a ciki. Ya yi dariya, ya ce shi ba ɗan koyo ba ne.

Amsa ta dawo, samanta an rubuta saƙo ya isa. Ko ƙasa bai duba ba. Ya hau babur sai rugar Goggo Kande, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi da nonon shanunta, ya ce ta kwantar da hankali, ya gama komai.

Ranar da za a rufe, Zakiyya ta kira shi. Ta ce allurar da aka ware wa Fulatan ko garke biyu ba za ta isa ba.

Ya buɗe amsar, sai ga shi damin ya isa lafiya, amma na'urar ta watsar da yawancin hotunan saboda sun yi nauyi. Tsoro ya kama shi ƙwarai, don ya san abin da tarin nan yake yi wa garke.

"Zakiyya, don Allah ki taimake ni."

Ba ta ce masa "ai na faɗa maka" ba. Suka zauna suna rage nauyin hotuna, suna turawa kaɗan-kaɗan, suna karanta kowace amsa, ga sabis yana ɗaukewa yana dawowa. Na Goggo su suka fi nauyi, domin da sabuwar wayarsa ya ɗauke su don burga, shi ya sa suka bar su sai ƙarshe. Suna cikin rage su na'urar ta rufe.

Ranar allura mota ta bi ruga-ruga, ta wuce ta Goggo ba ta tsaya ba. Tsohuwar ta bi ta da kallo, sannan ta juyo wajen Bahauddeen da ke tsaye kusa da ita.

"Ɗana, nawa sai gobe ke nan?"

Kafin kaka, ɗan maraƙi ɗaya ne ya rage a turken Goggo, kuma har yau ba ta taɓa yi masa faɗa ba.

Darasi: Isar saƙo daban, karɓuwarsa daban. Idan an ba ka amana, saurari shawara, ka duba aikinka har ƙasa kafin ka ce wa mutane su kwantar da hankali, domin da-na-sani ƙeya ce. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su amfana.