Malam Ilu da Masuntan da Ba a Rubuta Sunansu Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari na bakin kogi, ana ce da shi Malam Ilu. Malamin firamare ne, ba shi da komai sai alli da riga ɗaya mai fari-fari. Amma ku saurara, jama'a, mutumin nan yana da wata irin koyarwa. In yara sun karanta labari, ba ya barin su da haddar kalmomi. Sai ya ce, "To, me marubucin bai faɗa ba, amma ya bar mana sawunsa?"

Wata rana suna karanta labarin wani Bature mai yawon binciken ƙasashe. Littafin ya ce shi ne ya gano wani babban kogi, ya kuma ce masunta suka ba shi kwalekwale ya haye. Malam Ilu ya ce, "Ku yi tunani. Me wannan ya nuna muku?"

Wata yarinya mai suna Tabawa, 'yar masunta ce ita ma, ta miƙe ta ce, "Malam, ashe masuntan sun riga shi sanin kogin!"

Malam Ilu ya dube ta. Ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Ana nan sai ga sufeton makarantu ya zo duba aji. Ya tambaya, "Wa ya gano kogin nan?" Tabawa ta ɗaga hannu da murna, ta ce, "Masunta ne, ranka ya daɗe." Sufeto ya ɓata rai, ya ce ba haka aka rubuta ba, ya fice.

Hedimasta ya ja Malam Ilu gefe. Ya ce, "Haba Ilu, kana da iyali fa. Ka shiga gaban sufeto ka ce yarinyar ce ta yi shirme, ka ɗan zane ta, magana ta mutu. In ba haka ba, aikinka ya tafi."

Ku saurara, jama'a. Aikin nan shi ne tuwon gidansa. Malam Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, ni na ce ta yi tunani, ta kuma yi. In na dake ta yau, har ta mutu ba za ta sake ɗaga hannu ba. Ba zan iya ba."

Aka sallame shi. Ranar da zai tafi bai gaya wa yaran ba, ya koyar da su kamar kullum, yana murmushi. Da aka tashi, Tabawa ta biyo shi har bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, yau ka ɗauki butarka da tabarmar sallarka. Ba za ka dawo ba ko?" Ya dafa kanta, ya wuce. Ya koma noma, a kan noman kuma Allah ya karɓi ransa, ba wanda ya zo ya ce masa an zalunce shi.

To jama'a, darasin a fili yake: kada ka sayi abincinka da karya zuciyar yaro. Ya ku iyaye, ya ku malamai, sau nawa ɗanka ya faɗi gaskiya a gaban baƙo, ka daka masa tsawa don ka tsira da mutuncinka? Ku ji tsoron Allah a kan yaran nan. Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya ba mu irin zuciyarsa.