Kaki Ɗaya, Mutum Uku

Ku natsu ku saurara, domin hukuncin wannan magana a bakinku zai tsaya, ba a nawa ba.

A wata ƙasa, rundunar 'yan sanda tana da ƙungiyar ƙwallon ƙafa, mai horar da ita kuwa shi ne Sufeto Mati. Yawancin 'yan wasansa masu kaki ne, sai farar hula uku, abokan juna: Rabe, Tanimu da Isiyaku. Su ukun nan burinsu ɗaya ne, a ɗauke su aikin ɗan sanda kafin ƙarfinsu ya ƙare.

Shekarar ta zo wa ƙungiyar da wuya. Ana gobe wasan ƙarshe, manya suka aiko wa Sufeto cewa idan aka ci su za a rushe ƙungiyar, idan kuwa suka yi nasara za a ba mutum ɗaya cikin farar hular nan kaki.

Ranar wasa da hantsi gobara ta tashi a babbar kasuwa, aka kwashe 'yan wasa masu kaki zuwa gadi. La'asar ta yi, Sufeto ya ƙirga mutanensa a fili, ya sake ƙirgawa, shida ne. Alƙalin wasa ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba ku kai bakwai ba nan da minti goma sha biyar, kun faɗi ke nan."

Rabe, wanda ya taɓa yin acaɓa, ya ari babur ya ratsa lunguna zuwa kasuwa. Ya roƙi sajan mai kula da masu gadin ya sakar masa mutum uku, ya ɗoro su duka a bayansa, irin goyon da su da kansu suke kama mutane a kansa. 'Yan kallo suka yi ta ihu, "A kama su! Yau hukuma ce da lodi!" Amma dai an busa usur, an fara wasa.

Cikin waɗanda aka kawo babu mai tsaron gida. Tanimu, ɗan baya ne da bai taɓa tsayawa a raga ba, shi ya sa safar hannu. Aka ba abokan hamayya bugun daga kai sai mai tsaron gida, Tanimu ya tare, ɗan yatsansa ya karye. Ya ɗaure shi da tsumma, bai fita ba har aka tashi.

Isiyaku kuwa, ƙungiyar da ake karawa da ita ta garinsu ce, yayansa na zaune cikin magoya bayanta. Saura minti biyu a tashi ya jefa ƙwallo ɗaya tilo a raga. Bai yi murna ba. Ya ji muryar yayansa daga sama: "Isiyaku, ka ci amanar gida! Kada na ga ƙafarka a ƙofata!"

Da gari ya waye aka kawo wa Sufeto takarda mai gurbin suna ɗaya. Ya dubi su ukun tsaye a gabansa. Ya san ba don Rabe ba, da ba a buga wasan ba. Ba don Tanimu ba, da an ci su. Ba don Isiyaku ba, da babu nasara.

Ya ce, "'Ya'yana, da ma gurbin uku ne."

Rabe ya ce, "Yallaɓai, rubuta kawai. Babu wanda zai riƙe ka a zuci."

Sufeto ya ɗauki alƙalami, ya sake ajiyewa.

To, jama'a, ga alƙalamin nan a hannunku. Sunan wa za ku rubuta?