Wanzamin da Ya Naɗe Askarsa

An yi wani mutum a wani gari can da daɗewa, wanzami ne, ana ce masa Jatau. Bawan Allah, ba ruwansa da kowa. Duk jaririn da aka haifa a garin, shi ke yanke masa beli, ɗan naman nan da ke reto a maƙogwaro. Haka ya gada.

Wata rana malamar asibiti ta zo rigakafi. Ta ja shi gefe, cikin ladabi ta gaya masa yankan nan ne ke sa jarirai zubar jini da sandarewa.

Ku saurara. Bayan azahar barci ya ɗauke shi a gindin tsamiya. Sai ga shi a bakin wani kogi, ruwa fari kamar nono, yara ƙanana suna ta wasa a tsallake. Ya gane su. Wannan ɗan Kande ne, waccan 'yar Barmo, duk waɗanda aka binne bayan suna aka ce iska ce. Ba su yi fushi ba, jama'a, murmushi suke masa. Murmushin ne ya fi masa ciwo. Ya farka gemunsa sharkaf da hawaye.

Ba a jima ba aka yi wa maigari jika, aka aiko masa. Ya je, ya durƙusa, ya ƙi buɗe zabirarsa.

"Ranka ya daɗe, hannun nan ya kashe 'ya'yanku ban sani ba. Yanzu na sani."

Aka ce ya haukace. Aka daina kiransa ko aski, naman suna ma ya daina shiga gidansa. Ya haƙura. Ya koma bin gida-gida yana roƙon mata su kai yara allura. Jikan maigari ya rayu, iyaye suka fara tunani.

Da ya tsufa, yara suka cika unguwa da ihu, har maƙwabcinsa ya ɗauko bulala. Jatau ya riƙe masa hannu ya ce, "Bar su, Malam. Da can a maƙabarta suke."

To, 'yan'uwa, gado ba hujja ba ne idan rai yana salwanta. Wanda ya gane gaskiya ya bi ta, ko za ta raba shi da abincinsa. Kai da ka hana matarka kai yaro asibiti don kada a yi da kai, wa kake tsoro, mutane ko Wanda ya ba ka amanar yaron?