Gashi Uku na Jar Aku

Akwai wani dattijo mai suna ToVarpin a wani ƙauye bayan Kokopo, a tsibirin New Britain. Matarsa IaMadi shekara uku ke nan ƙafafunta sun daina ɗaukarta. Shi ke dafa mata gwaza da ruwan kwakwa, ya kai mata har shimfiɗa kafin ya tafi gonar koko.

'Yarsu IaRubi ce za ta ja gaban 'yan mata a rawar buɗe sabon coci. Hular mai jan gaba kuwa sai da jan gashin aku guda goma sha biyu. ToVarpin ya tara guda tara, saura sati ɗaya a yi rawar.

A gonarsa akwai wata doguwar bishiya mai kogo. Jar aku mace na zaune ciki watanni, ba ta barin wurin. Namijin, kore shar, shi ke yawon daji ya ciko maƙoshi da 'ya'yan itace ya zo ya ɗura mata a baki. Gashin da ta kakkaɓe ya faɗo ƙasa kaɗai ToVarpin ke tsinta.

ToPidik, ƙanin IaMadi, ya biyo shi gona da danƙo a aljihu. Ya ce tsuntsuwar da ba ta tashi ai ko makaho ya harbo ta, kuma shi kawun yarinya ne, ba zai tsaya a yi musu dariya ba.

"Mijin yaya, kai da kaza ba ku da bambanci, kullum ido a ƙasa kana tsince-tsince."

"Kai kuma ka girma da danƙo, har furfura ba ka ajiye ba. Ɗaga kai ka gani."

Daidai nan koren ya sauka a bakin kogon. Jar ta leƙo, daga ciki kuma aka ji kukan 'ya'ya.

"In ka harbe ta, ga wa koren zai kawo abincin gobe?" in ji ToVarpin.

ToPidik ya yi tsaki, amma bai harba ba.

Satin ya ƙare, gashi ko ɗaya bai faɗo ba. IaRubi ta ga giɓin hular, ta juya baya don kada uban ya ga idonta.

Da IaMadi ta ji yadda aka yi, sai ta sa aka sauko mata da tsohon kwandonta. Ta warware wani ƙyalle. Jan gashi ne guda uku, waɗanda ToVarpin ya tsinto mata a ƙarƙashin bishiyar nan lokacin da yake nemanta, shekara talatin da suka wuce.

"Ni ma shekara uku ina cikin kogo," in ji ta, "kuma korena bai taɓa makara ba. Ungo, cike wa 'yarmu hula."

Ranar rawa, ToPidik ne ya goyo yayarsa har filin.

Darasi: Wanda ba ya iya gudu amana ne a hannunka, kada ka mai da shi abin farauta. Abin da ka samu ba tare da cutar da kowa ba yana jiranka ko bayan shekara talatin. Ku tura wa duk mai jinyar wani nasa, ya san ana ganin ƙoƙarinsa.