Allon da Ya Koma Bangon Baya

An ce wai a wani gari da ake kira Rafin Kanya an yi wata shugabar makarantar firamare mai suna Hajiya Yalwa. Mace ce marar yawan magana, amma in ta faɗi abu ba ta janyewa. Shi ya sa iyaye suka amince da ita, malamai kuma suna shakkarta.

A makarantar akwai wata al'ada da ta girmi yawancin malaman. Duk ƙarshen zango, in an gama jarrabawa, sai a zaunar da yara bisa ƙoƙarinsu. Wanda ya zo na ɗaya shi ke zama a bencin farko, daf da allo, na biyu a gefensa, haka har a kai bencin ƙarshe da ke jikin bangon baya. Masu bencin farko ana ce musu zakaru, na ƙarshe kuwa yara na kiransu 'yan wutsiya. Ranar zaunarwa iyaye kan cika tagogi suna kallo, uwar da ɗanta ya matsa gaba har guɗa take yi.

Shekarar da Hajiya Yalwa ta zo, wani mai faɗa-a-ji ya matsa mata lamba ta mayar da ɗansa gaba alhali bai ci ba. Sai ta tara iyaye, ta rantse a gabansu cewa muddin tana makarantar nan ba yaron da za a tayar daga mazaunin da jarrabawa ta ba shi, ko ɗan waye. Daga ranar ba wanda ya ƙara zuwa mata da wannan roƙo.

Amma ba ta manta da 'yan baya ba. Ta shirya musu darasin taimako: in an tashi sai su tsaya a ƙarƙashin darbejiya tare da wata matashiyar malama mai suna Asabe, kowa da ƙaramin allonsa a cinya, ana bi da su sannu a hankali.

A cikinsu akwai wata yarinya 'yar aji huɗu, Saude, wadda tun shigarta makaranta ba ta taɓa barin bencin ƙarshe ba. Wata rana mahaifinta, Malam Tanimu, manomin albasa, ya zo ofishin Hajiya da laka a ƙafarsa. Bayan gaisuwa ya ce, "Hajiya, na gaji da tsayuwa a taga ina kallon 'yata a jikin bango. Abokan noma har tsokanata suke yi, wai ina uban wutsiya. In ta sake zuwa ta ƙarshe a wannan zango, zan cire ta ta taya uwarta aiki. Kanta dai ba irin na boko ba ne."

Hajiya ta ce, "Ka ba ni zangon nan."

Ya ce, "Na ba ki. Amma ba zan ƙara wani ba."

Da ya fita ta aika aka kira Malama Asabe. Asabe ta ce, "Ranki ya daɗe, dama ina neman hanyar gaya miki. Yarinyar nan a gindin bishiya ta fi kowa saurin ɗauka. Sai dai in za ta yi karatu, allon har yana taɓa hancinta. Jiya na ɗaga alli daga nesa na ce mene ne wannan, ta ce rogo."

Aka kira Saude. Ta shigo tana murɗa bakin hijabinta, ta durƙusa. Hajiya ta ce, "'Yata, in kina zaune a bencinki, me kike gani a allo?"

Saude ta ce, a hankali, "Fari-fari, Hajiya. Kamar an watsa gari."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na ɗauka kowa haka yake gani."

Masu duba ido ba sa zuwa asibitin yankin sai bayan girbi, jarrabawa kuwa kafin girbi ce. Asabe ta ce ba wata mafita sai a mayar da yarinyar bencin farko yau ɗin nan.

Malamin aji huɗu shi ne Malam Ilu, dattijon da ya koyar da rabin iyayen garin. Da ya ji maganar sai ya zo da kansa, ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa, ya ce, "Hajiya, ina tausayin yarinyar nan kamar jikata. Amma bencin farko cike yake. In ta shiga, dole wani ya fita, kuma wanda zai fita da guminsa ya samu. Kin rantse a gaban mutane. In kika karya yau saboda ido, gobe wani zai zo ya ce ɗansa kunne ne ke damunsa, jibi mai kuɗi ya zo da nasa dalilin, kuma ba ki da bakin hana shi. Ni dai a ajina ba za a yi ba."

Asabe ta ce, "Baba Malam, to a bar ta ta koma gida ke nan saboda benci?"

Ya ce, "Ke 'yar nan, benci ne a idonki. Ni na ga yaran da suka yi karatu da fitilar aci-bal-bal don su hau shi."

Hajiya ta dube su duka biyun, ta ce, "Malam, ka yi gaskiya, rantsuwata ba za ta karye ba. Asabe, ke ma kin yi gaskiya, yarinyar nan ba za ta bar makaranta ina raye ba. Ku je, ranar Litinin kowane yaro ya zauna inda ya saba."

Suka fita ba wanda ya gamsu.

A hutun ƙarshen mako Hajiya ta kira magini. Ya shafa siminti a bangon baya na aji huɗu, da ya bushe aka baƙanta shi da garin gawayi da ƙaro. Ranar Litinin yara suka shiga, kowa ya zauna a mazauninsa. Bencinan ba su da jingina, a cinya ake rubutu. Hajiya ta shigo, ta wuce tsohon allo, ta ratsa tsakiyar aji har bangon baya, ta ce, "Kowa ya ɗaga ƙafa ya juyo nan."

Aji ya kaure da dariya da ƙarar benci. Da aka natsu, sai ga 'yan wutsiya daf da sabon allo, zakaru kuma can nesa. Ta miƙa wa Malam Ilu alli.

Malam Ilu bai karɓa ba. Ya ce, "Hajiya, wannan ai dabara ce. Kin ƙwace wa zakaru hakkinsu ta bayan gida."

Ta ce, "Mu gwada, Malam." Ta rubuta jimla da ƙananan haruffa, ta kira yaron da ya zo na ɗaya, ya karanta daga inda yake ba tare da ya ko matse ido ba. Ta kira Saude, ita ma ta miƙe ta karanta, ba ta ɓata ko harafi ɗaya ba. Yara suka bi ta da kallo, don ba su taɓa jin ta karanta daga babban allo ba.

Sannan Hajiya ta ce, "Bencin zakaru yana nan inda yake, sunansu yana nan, ranar zaunarwa iyayensu za su yi guɗarsu a taga kamar kullum. Girma ladan ƙoƙari ne, kuma ban taɓa shi ba. Amma ganin allo ba lada ba ne, Malam, shi ne abin da ya kawo kowa makaranta. Mun daɗe muna ba da shi ga waɗanda suka riga suka iya, muna hana waɗanda suka fi buƙata, sannan mu yi mamakin yadda suka kasa."

Malam Ilu ya karɓi allin ba don ya yarda ba. Ya tsaya a gaban sabon allo, ya juyo zai yi tambaya, sai ya ga fuskoki daf da shi suna kallonsa. Ya nuna wani yaro, ya buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. Ya nuna na kusa da shi, haka nan. Sannan ya ajiye allin ya ce, "Yau kafin karatu, kowa a wannan benci ya gaya mini sunansa da na babansa."

Aka ci gaba a haka har jarrabawa. Ranar zaunarwa Malam Tanimu ya zo ya tsaya a taga, ya kafa ido a jikin bango inda ya saba ganin 'yarsa. Wata yarinya ce daban a wurin. Saude ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta ma kusa ba, amma ta tsallake rabin aji, an zaunar da ita a tsakiya. Ya juya ga na kusa da shi ya ce, "Ka ga waccan mai shuɗin hijabi? Tawa ce." Bai ƙara maganar cire ta ba, kuma shi ya fara tambayar ranar da masu duba ido za su zo.

Asabe ce ta fara lura da sabuwar matsala. Ta raɗa wa Hajiya cewa tsakiyar aji ya yi wa Saude nisa da allon gaba, ya yi mata nisa da na baya, kuma masu duba ido ba su zo ba tukuna, balle a yi mata tabarau. Kafin Hajiya ta amsa, sai ga Malam Ilu ya shigo da bokitin garin gawayi a hannu, ya naɗe hannun rigarsa.

Ya ce, "Na riga na yi wa magini magana. Hajiya, ai aji bango huɗu ne da shi, biyu kawai muka taɓa."

Saboda haka, duk wanda aka ba amanar yara, kafin ya yanke cewa yaro ya kasa, ya fara zama inda yaron yake zaune ya ga abin da yake gani. In kuwa gaskiya ta hana a matso da yaro kusa da ilimi, to a ɗauki ilimin a kai masa.