Aku Mai Waƙar Aro

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Aku ba shi da waƙar kansa, ga rawar kai. Ya tsinci carar Zakara, ya haɗa da kukan Kurciya, waƙa ta zaga gari. Bai ƙoshi ba, ya garzaya wajen Kaza.

"Iya, ara mini kukan 'yan tsakinki in yi amshi."

"Kul! Shaho ya san kukan nan."

"Shaho ma sai ya taka rawa!"

Ya haye reshe yana rerawa. Da ya kai amshi, "tsiyak, tsiyak," sai Shaho ya sure shi.

Kaza ta ɗaga kai ta ce, "Wanda ya ari murya, har maƙiyin mai ita ya ara."

Ƙurunƙus kan ɓera, tatsuniya ta koma gida.