Jar Motar Shekarau da Ƙwaryar Fura

Ku ajiye sifanun nan ku matso inuwa, rana ta yi sanyi. Ga wata nan ta zo muku, kuma ba za ta tashi ba sai kun yanke mata hukunci, don ni dai ta fi ƙarfina.

An yi wani tsohon direba a unguwarmu, Alhaji Shekarau. Tun kansa na da baƙin gashi ya sayi wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gajeriya, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Shi ba tsere yake yi da ita ba. Duk ƙarshen wata yakan ɗauki matarsa Delu su hau dutse zuwa ƙauyensu, Kurmin Dawa, hanya mai lanƙwasa, kwana-kwana har goma sha bakwai. Delu takan dama wa mahaifiyarta fura, ta cika ƙwarya har baki, ta ɗora a cinya. Haka za su yi ta shan kwana, gajimare na wucewa ta gefen taga, ita tana 'yar waƙarta, har su isa ko ɗigo bai zuba a zanenta ba.

Delu ta riga shi rasuwa, aka binne ta can kan dutse. Hanya kuma ta lalace, motar ta shigo hannun irinmu makanikai. Kun san halinmu, ko keken guragu aka kawo mana sai mu ce a ɗaga shi saboda ramuka. Muka cire sifirin ɗinta, ƙarafan nan masu lotsawa da ke ɗauke da jikin mota, muka sa mata dogaye na wata tsohuwar tasi, kuma da hannuna a ciki, ba zan ɓoye muku ba. Mota ta miƙe tsaye kamar raƙumi, ta ga kwana sai ta karkace. Sau ɗaya Shekarau ya shige ta, ya fito ya lulluɓe ta da tamfol a gindin darbejiya.

Shekaru suka tura. Idonsa ya tafi, bayansa ya kai inda ko 'yar gargada sai ta sa shi hawaye. Da ya ji an sake shimfiɗa kwalta a hanyar dutse, sai ya kira 'ya'yansa uku, Tanimu da Balaraba da Ilu, ya ce, “Ina so in ziyarci uwarku kafin damina ta sauka, don ban ga alamar zan ga wata ba. Amma a motata zan je, yadda uwarku ta san ta. Wanda ya dawo min da ita, makullin nasa ne.”

Tanimu, babbansu, ɗan kasuwa ne mai ƙafar yawo. Shi ya ce zai nemo gajerun sifirin. Motar tsohon yayi ce, kowa ya tambaya sai a yi masa dariya. Wasu suka ce ya yanke dogayen da wuta ya huta, ya ƙi, don ya san ƙarfen da wuta ta taɓa ya mutu. Ya zaga kasuwannin kayan mota na garuruwa huɗu, yana kwana a tasha, shagonsa na rufe. A gari na biyar ya samu wani tsoho mai rumfa a lungu, wanda ya jawo masa wani kwali daga ƙarƙashin tarkace. Sifirin huɗu ne shuɗɗa, sababbi, an yi su don irin wannan mota, ba a taɓa ɗaurawa ba. Tanimu ya dawo ya rame, muka ɗaura, mota ta sauka ta kwanta. Shekarau ya shafa tsakanin taya da bodi, yatsu biyu kawai suka shiga, ya yi murmushi.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Da muka fita gwaji, mota ta dinga tsalle kamar kwaɗo, ƙasanta na bugawa. Ƙwaryar ruwan da muka ɗora a kujera ko ƙofar gareji ba ta kai ba ta zube.

Nan Balaraba ta shigo. Ita ce ta tsakiya, ta karanta aikin injiniya, mace mai ƙarancin magana. Ta shimfiɗa tabarma ta leƙa ƙarƙashin motar, ta daɗe, sannan ta ce, “Yaya Tanimu, kayanka ba su da laifi, abokan zamansu ne ba su dace ba.” Shakazoba take nufi, wato bututun nan mai mai a ciki da ke riƙe sifirin kada ya yi ta rawa bayan ya sha rami. Na motar dogaye ne kuma sun tsufa. Da mota ta sauka, sandarsu ta riga ta nutse, babu sauran wurin motsi, ga shi gajeren sifirin ya fi ƙarfinsu. Kwana tara tana awo. Ta auna nauyin kowace ƙafa, ta auna yadda sifirin ke lotsawa in an ɗora masa buhun siminti, har nauyin mahaifinta ta sa a lissafi. Sannan ta zaɓo gajerun shakazoba masu ƙarfi, masu ɗan maɓalli a ka da ake murɗawa a ƙara tauri ko a rage. Ta rage tsawon robar da ke tare bugu. Tsalle ya tsaya cak.

Amma ƙwarya ba ta daina zuba ba. Mota ta yi tauri, kowane ɗan tsakuwa sai ka ji shi a haƙori, sitiyari kuma na ja gefe ɗaya. Takardar Balaraba ta ce komai daidai ne, amma gadon bayan mutum ya ce da sauran aiki.

Sai Ilu, autansu, direban haya, wanda ya gaji jikin ubansa. Shi bai san lissafi ba, amma in ya zauna a mota yana jin abin da kowace taya ke faɗa. Ya kai ta aka daidaita ƙafafunta, don saukar da aka yi ta sa tayoyin sun karkata ciki. Daga nan kullum da hantsi sai ya hau hanyar dutse da ƙwaryar ruwa a gefe. Ya sha kwana biyu, ya tsaya, ya murɗa maɓalli taki ɗaya, ya koma. Ya sassauta na baya, ya ɗan ƙarfafa na gaba, ya ƙara sassauta ɓangaren da tsoho zai zauna. Ya haddace duk tudun rage gudu da mutanen ƙauyuka suka gina, ya koyi tsallake su a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, don kada cikin motar ya gogu. Rana ta goma sha ɗaya ya dawo da ƙwarya cike.

Ranar tafiya hadari ya fara haɗowa daga gabas. Balaraba ta dama fura ta cika ƙwarya har baki, tsoho ya ce a cinyarsa za a ɗora. Ilu ya ja, sauran biyun na biye a wata motar. Shekarau ya jingina kai yana ƙirga kwana-kwanan hanya a hankali. Iska mai ƙanshin ruwa na shigowa, mota na bin hanya kamar kwalekwale a tafki. A kwana na tara ya daina ƙirga. Ilu ya ji shi yana 'yar waƙar nan ta uwarsu, can kuma ya ce, “Delu, riƙe da kyau, saura kaɗan.” Ilu ya ce min tuƙi yake hawaye na zuba, bai iya sharewa ba.

Suka isa, ko ɗigo bai taɓa rigarsa ba, bayansa kuma bai motsa ba. Ya yi wa matarsa addu'a, ya ba 'yan'uwanta furar. Sannan ya karɓi makulli, ya miƙa hannu a iska inda yake jin numfashin 'ya'yansa, ya ce, “Wanda ya dawo min da ita ya karɓa.”

Babu wanda ya motsa. Ya daɗe da hannu a miƙe, har yayyafi ya fara sauka a kan makullin.

Kafin kaka Allah ya karɓi abinsa. 'Ya'yan suka kawo min makullin suka ce in raba gardama, ni da na fara ɓata motar. Ga shi nan a aljihuna, kun ji ƙararsa. Ba don Tanimu ba, da motar na nan tsaye kamar raƙumi. Ba don Balaraba ba, da tsallen farko ya karya bayan tsoho. Ba don Ilu ba, da fura ta zube tun a kwanan farko.

To, ku da kuka iya surutu a kan aikin wasu, a tafin wa zan sa wannan makulli?